Ya shiga bayan kamyo, yaushe zai fito? Tambayoyi da amsoshi kan kirdadon isowar abin da ido bai gani

Shekaru ke nan ina koyar da tuƙi a nan Damagaram, kuma akwai maganar da na ji har na gaji da jinta. Duk wanda aka yi karo da shi a mararraba, in an tambaye shi sai ya ce, “Wallahi na ɗauka bai kai ga isowa ba.” Ba ƙarya yake yi ba. Kirdado ya yi, kirdadon ya ci amanarsa. Tambayoyin nan na tattaro su ne daga bakin ɗalibaina, da ƴan kabu-kabun da muke shan shayi tare, da iyayen da ƴaƴansu ke tsallaka kwalta zuwa makaranta. Inda na ce daƙiƙa, sakan ɗin agogo nake nufi, ba minti ba.

1. Malam, mene ne shi wannan kirdadon isowa?

Ka tsaya a bakin hanya kusa da Kasuwar Dole. Ga kamyo a ajiye ana sauke kaya, ga babur ya taho ya shige bayansa. Ba ka ganin babur ɗin, amma idonka ya riga ya koma ɗaya gefen yana jira, kuma a ranka ka san lokacin da ya kamata ya ɓullo. In ya jinkirta sai ka ce ko ya tsaya ne. Wannan sanin shi ake nufi.

Masu binciken gani da ƙwaƙwalwa suna gwada shi da hanya mai sauƙi. Ana nuna wa mutum ɗigo yana tafiya a fuskar kwamfuta, sai ɗigon ya ɓace kafin ya kai wani layi, a ce masa ya danna maɓalli a daidai lokacin da yake jin ya taɓa layin. Bambancin da ke tsakanin dannawarsa da lokacin gaskiya shi ake aunawa. An daɗe ana wannan gwaji, wani lokaci da ɗigo, wani lokaci da hoton mota mai tahowa.

2. Ido bai ganin abu, to da me ƙwaƙwalwa take aiki?

Da abin da ta gani na ƙarshe. Masana sun ware hanyoyi biyu. Ta farko, kafin abin ya ɓace ƙwaƙwalwa ta riga ta ƙiyasta sauran lokacinsa, sai ta shiga ƙirga kamar mai agogo a ciki. Ta biyu, mutum ya ci gaba da bin abin da zuciyarsa, sau da yawa har da idonsa, kamar yana hango shi ta cikin bango. Mutum ɗaya yana iya amfani da duka biyun, ya danganta da halin da yake ciki.

An auna motsin ido an ga cewa da zarar abu ya ɓace, bayan kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, bin da ido ke yi masa yana fara raguwa. In mutum yana sa ran abin zai sake fitowa, idon yakan ƙara sauri ko ya yi tsalle zuwa mafita ya jira. A 1995 John Assad da John Maunsell sun nuna cewa a ƙwaƙwalwar biri akwai ƙwayoyin da ke ci gaba da aiki yayin da abin ke ɓoye, muddin birin ya ɗauka yana tafiya. Jarirai ma, daga wata huɗu zuwa shida, suna fara kai ido inda ƙwallo zai ɓullo tun bai ɓullo ba. Halitta ce, ba a makarantar tuƙi ake samunta ba. Abin da makaranta za ta iya yi yana tambaya ta 12.

3. Wanda ke tahowa kaina kai tsaye fa? Ai wannan ba ya gifta ido.

Wannan wani sha'ani ne daban. Abin da ya nufo ka, hotonsa a idonka girma yake yi. A 1976 David Lee na jami'ar Edinbara ya bayyana cewa saurin wannan girma kaɗai ya isa ya gaya maka sauran lokaci, ba sai ka san nisan abin ko gudunsa ba. In hoton yana ƙaruwa da kashi goma cikin ɗari a daƙiƙa, saura kamar daƙiƙa goma. In yana ƙaruwa da rabi a daƙiƙa, saura kamar biyu. Ya kira ma'aunin tau, sunan wani harafin Girkanci. A 1981 shi da Paul Reddish suka yi nazarin wasu tsuntsayen teku da ke faɗowa daga sama cikin ruwa don kamun kifi, suna naɗe fikafikansu dab da su taɓa ruwan.

Ba sai mun je teku ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin kama fara da rana tsaka ya san aiki ne, shi ya sa masu kamunta ke fita da asuba lokacin da sanyi ya kashe mata jiki. A ƙwaƙwalwar fara akwai wata babbar ƙwayar jijiya da aikinta shi ne lura da abin da ke girma a ido, ta sa ta tashi kafin hannu ya sauka.

Matsalar ita ce daga nesa girman ba ya bayyana. Motar da ke mita 300 daga gare ka, ko tana gudun kilomita 60 ko 120, kusan ɗigo ɗaya kake gani a tsaye. Sai ta matso hoton ke buɗewa farat ɗaya. Wannan shi ke kashe masu wuce mota a babbar hanya, duba tambaya ta 11.

4. To kirdadon namu yana yin daidai kuwa?

Yana yi, in ɓuyan gajere ne, daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Daga nan kuskure ke ƙaruwa, kuma iya tsawon ɓuya iya girman kuskure. Mutum ɗaya, gwaji ɗaya, yanzu ya danna da wuri, an jima ya makara.

Ga abin da ke tahowa kan mutum, William Schiff da Mary Lou Detwiler sun nuna a 1979 cewa yawancin mutane suna cewa ya iso tun bai iso ba. Kuskure ne mai alheri, gara ka kauce da wuri. Wani gwaji na 2012 a Landan ya ƙara da cewa in hoton maciji ne ko gizo-gizo ke tahowa, mutane sun fi gaggawar cewa ya iso fiye da in zomo ne ko malam-buɗe-littafi. Tsoro yana rage lokacin a zuciya. Ni abin da na karanta a ciki shi ne akasinsa: abin da ka daina tsoro, ka rasa wannan rangwamen. Mu kuwa nan garin babur ya zama kamar akuyar gida, ba mai jin tsoronsa.

5. In abin ya ƙara gudu bayan ya ɓoye fa?

Nan ake yin ta. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar gudun ƙarshe da ta gani ta ce da shi za a ci gaba. Ko da abin yana ƙara sauri a bainar ido kafin ya ɓace, gwaje-gwaje, ciki har da na Nicolas Benguigui da abokan aikinsa a Faransa a 2003, sun nuna cewa mutane ba sa saka ƙarin cikin lissafi. Mai ƙara gudu yana isowa kafin a zata, mai rage gudu yana isowa bayan an zata.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ina tare da wata ɗalibata, matar aure ce mai natsuwa, muna jiran shiga kwalta daga wani layi. A hagunmu kamyon albasa ya tsaya, tsawonsa zai kai mita 12. Mun ga ɗan kabu-kabu ya shiga bayansa a hankali, ɗauke da wata dattijuwa ta rungume kwanon abinci ɗaure da ɗankwali. Ɗalibar ta ce, “Malam, ai lallaɓawa yake, zan wuce.” Ta saki birki. Ni kuwa na ji kukan injinsa ya canza, sai na taka birkin da ke ɓangarena. Ya fito kamar an harbo shi, ya goga gaban motar, murfin kwanon ya tashi ya yi ta juyi a kan kwalta, dattijuwar tana salati. Da muka koma na zana mata lissafin a ƙasa da tsinke. A gudun kilomita 20 yana bukatar daƙiƙa biyu da ɗoriya ya ratsa tsawon kamyon. Da ya murɗa ya kai 40, ɗaya da rabi ba ta cika ba. Idonta bai yi ƙarya ba, tsohon labari ta yi aiki da shi.

Ƙarin gudu ɗaya ne kawai jikinmu ya haddace, na faɗuwar abu ƙasa, wanda ke ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Dubi magini a kan katanga ana jefa masa tubali daga ƙasa, yana cafewa yana hira. A 1998 an gwada ƴan sama jannati a cikin kumbon Columbia, ana sako musu ƙwallo a inda babu nauyi, sai hannunsu ke shirin cafewa da wuri kamar suna duniya. Murɗa hannun babur kuwa ba shi da irin wannan doka, yana zuciyar mai tuƙi.

6. Me ya sa kullum mai babur ake shiga wa gaba?

Ƙanƙantarsa. Patricia DeLucia ta nuna a 1991 cewa in abu biyu suna tahowa, babban yakan yi kama da shi zai riga isowa, ko da ƙaramin ne ya fi kusa. A 2005 Mark Horswill da abokansa suka gwada da hotunan hanya: babur da mota a gudu ɗaya, daga nisa ɗaya, direbobi suka riƙa ba babur ɗin ƙarin lokaci. Direban da ya ce ya ga babur amma ya zaci da sauransa, sau da yawa gaskiyar abin da idonsa ya ba shi ya faɗa. Wannan ba ya wanke shi. Yana nufin in babur ne ka ƙara wa kirdadonka jira.

Manyan motoci suna da tasu yaudarar. Herschel Leibowitz ya kawo bayani a 1985, kan haɗurran tsallaka titin jirgin ƙasa, cewa babban abu yakan yi kama da mai tafiya a hankali. Mu ba mu da jirgin ƙasa, amma muna da tankokin mai a hanyar Tanout, inda matatar mai take tun 2011. Tanka tana tafe kamar raƙumi mai kiwo, sai ta wuce ka iskarta ta girgiza ka kake sanin gudunta.

7. Da dare ya abin yake?

Ya fi muni, domin jikin motar ya ɓace, fitila kawai ta rage. Da fitilu biyu ƙwaƙwalwa tana amfani da yadda tazararsu ke buɗewa, wato ma'aunin tambaya ta 3. Da fitila ɗaya babu tazarar da za ta buɗe. Ga kuma motar da fitilarta ɗaya ta mutu, ka ɗauke ta babur ka bar mata rabin hanya. Amalanken jaki kuwa ba shi da ko ɗaya.

8. Hazo yana canza wani abu, ban da rage gani?

Yana canzawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in iska ta kwaso ƙura daga wajen Bodele a Chadi ta lulluɓe gari, komai yakan koma launi ɗaya, mota da hanya da sama. Tun 1982 Peter Thompson ya nuna cewa abin da launinsa ya dushe, bai fita sosai daga bayansa ba, ido yana ganinsa kamar ya fi tafiya a hankali. An kuma samu cewa a cikin hazo direbobi suna ganin fitilun bayan motar gabansu kamar sun fi nisa.

Kan gudun direban kansa, binciken ya rabu biyu. A 1998 Robert Snowden da abokansa a Kadif sun ga mutane suna ƙara gudu a na'urar kwaikwayon tuƙi in an dushe hoton. A 2012 wasu a Jamus, da suka yi hazon da ya fi kauri daga nesa kamar na gaske, sun ga mutane suna rage gudu. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne a ranar hazo su dubi allurar gudu, su bar jin jiki. Kuma ƙurar da kamyo ke tayarwa a hanyar da ba kwalta bango ce, duk abin da aka faɗa a tambaya ta 5 ya hau kanta.

9. A lungunan Birni da kunne muke aiki. Za a iya dogara da shi?

Kunne yana gaya maka cewa wani abu na tafe, kuma yana yin haka da kyau. John Neuhoff ya nuna a 1998 cewa sautin da ke ƙaruwa ya fi ɗaukar hankali kan wanda ke raguwa. Mutane kuma kan ji abin ya iso tun da sauransa. Inda yake gazawa shi ne daga ina, da kuma guda nawa. A lungu mai katanga hagu da dama sautin yana bugun bango ya dawo, babur na tahowa daga gabas ka ji shi daga kudu. Mai ƙarar salansa kuma yana rufe wanda ke bayansa. Keke da yaro mai gudu ba su da ƙara ko kaɗan.

Saurin sauti ba matsala ba ne a cikin gari, yana cin kamar mita 340 a daƙiƙa. Shi ya sa da damina, in ka ƙirga daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa, nisan kamar kilomita ɗaya ne.

10. Yarona yana da wayo, shekararsa takwas. Zai iya tsallaka kwalta shi kaɗai?

Hajiya, wayo daban, wannan daban. A 2011 John Wann da abokan aikinsa a Ingila sun gwada yaran firamare, suka samu cewa motar da ta wuce gudun mil 20, kamar kilomita 32 a awa, yaro yana iya kallonta bai gane tahowa take ba, saboda idonsa bai kai na babba ba wajen kama ɗan girman nan na tambaya ta 3. A jami'ar Iowa ta Amurka, ƙungiyar Jodie Plumert ta ga cewa sai wajen shekara 14 yara ke daidaita tsallakawa kamar manya. Ƙananan ba su kai manya iya zaɓen tazara tsakanin motoci ba, kuma ko sun zaɓi mai kyau, sai su ɓata lokaci kafin su ɗaga ƙafa, tazarar ta ƙare.

Ƙara da tsawonsa. Motar da aka ajiye a bakin hanya, kai kana hangen abin da ke bayanta, shi kuwa ta rufe shi ruf, ba ya gani ba a ganinsa. A koya masa kada ya tsallaka daga tsakanin motocin da ke tsaye, ya fara duba hagu domin ta nan na kusa da shi ke zuwa, kuma a babbar hanya a haɗa shi da babba.

Tsofaffi ma a riƙa kama musu hannu. Bincike a Ostareliya ya nuna sun fi duban nisan mota fiye da gudunta, ga ƙafa ta yi nauyi. Kwalta mai faɗin mita 7, mai lafiya yana cinye ta a kamar daƙiƙa shida. A wannan lokacin mota mai gudun kilomita 50 ta ci mita 83, mai gudun 90 ta ci 150. Baba mai sanda yana bukatar fiye da haka.

11. Ina son in wuce tirela a hanyar Maradi. Nisa nawa nake bukata?

Fiye da yadda kake zato, nesa ba kusa ba. Raba gudun awa da 3.6 ka samu mita a daƙiƙa: 36 ya zama 10, 90 ya zama 25. A ce kana kan 90, tirela tana kan 70. Fifikonka kilomita 20 ne kacal, mita biyar da rabi a daƙiƙa. Tsawonta, da tsawon motarka, da tazarar baya da ta gaba, sun kai mita 60. Daƙiƙa 11 ke nan kana hannun da ba naka ba, ka ci mita 275. Mai tahowa a kan 90 shi ma ya ci 275. Sai ka ga hanya fayau sama da rabin kilomita, kuma a wannan nisan ido bai iya faɗa maka gudun mai zuwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne direban da ya leƙo, ya ga mota can nesa, ya koma bayan tirela, ya yi ƴan daƙiƙoƙi, sannan ya fita da wancan leƙen. Tun da ya koma tirela ta rufe masa ita, kirdado yake yi a kan abin ɓoye na tsawon lokacin da tambaya ta 4 ta ce ba ya yin daidai. Tudu da kwana ma haka suke.

12. Ana iya koyon gyara kirdadon?

Ana iya rage kuskure, in akwai mai gaya maka sakamako nan take. Viola Cavallo da Michel Laurent a Faransa sun samu a 1988 cewa gogaggun direbobi sun fi sababbi kusantar daidai. Ga atisayen da nake ba ɗalibai kafin jarrabawar permi, wato takardar izinin tuƙi: ka zauna a inuwa a bakin hanya, ka zaɓi falwaya ɗaya, in mota ta taho ka rufe ido, ka ce “yanzu” a lokacin da kake jin ta kai, abokinka ya gaya maka ko ka riga ko ka makara. Yi da mota, yi da babur, yi da kamyo. Cikin rabin awa za ka san ɓangaren da kake karkata.

Abin da atisaye ba zai ba ka ba shi ne sanin abin da ba ka taɓa gani ba. Kuma ko ka gani, ƙafa ba ta taka birki nan take. Direban da abu ya zo masa ba zato yana cin daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya taka, wato mita 14 zuwa 21 a gudun kilomita 50.

13. Mai tsaron gida a ƙwallo, da katangar ƴan wasa a gabansa, shi ma kirdadon ne?

Shi ne. Katangar tana mita 9.15 daga ƙwallo, tana rufe masa farkon tashinta, inda labarin gudu da lanƙwasa yake. Shi ya sa za ka ji yana ihu a matsa masa. A bugun daga kai sai mai tsaron gida, mita 11, ƙwallo mai ƙarfi tana isa cikin kamar rabin daƙiƙa, dole ya karanta ƙugu da ƙafar mai bugu tun kafin a taɓa ta.

14. Mota ta tsaya, direban ya yi mini hannu in wuce. In wuce?

Ka wuce zuwa iyakar gabanta, ka tsaya, ka leƙa. Direban hanyarsa kaɗai ya ba ka, bai san abin da ke zagayo shi ba, kuma jikin motarsa ya rufe maka shi. A nan garin, da zarar mota ta tsaya, babur biyu ko uku ne ke fitowa ta gefenta, wani ta dama wani ta hagu.

Ko da ka gan su duka kafin su ɓoye, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe biyu da kyau. Robin Baurès da abokansa sun nuna a 2010 cewa in mutum yana kirdadon abu biyu a lokaci ɗaya, na farkon isowa yakan yi daidai, na biyun kuwa sai ya ba shi lokacin da ba shi da shi. Saboda haka in na farko ya wuce, kada ka ɗaga ƙafa tukuna, sake leƙawa ka nemi na biyun da idonka. In kai ne direban da ya tsaya, dubi madubinka na hagu da na dama kafin ka yi wa kowa hannu, in ka hango babur tafe ka fito da hannunka ta taga ka tare shi.